Daminar da Na Riƙe wa Akori-kura Giya

Kwana da kwanaki ke nan ana marka a Lafia. Ruwan ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya yi ta zuba har kayan da ke cikin akwati su fara wari. Layinmu a Azuba ya zama kunu. Ina zaune a baranda ina ɓarar agushi sai ga ɗana Sani ya sauka daga kan acaɓa, jiƙe sharkaf, shi da yake da akori-kura tasa ta kansa, irin ta yanzu mai canja giya da kanta.

Na ce, "Ina motar?"

Ya ce, "Tana gareji, Mama. Inji lafiya lau, ko tari ba ya yi. Giyabos ne ya ƙi."

Na ajiye tiren agushin a ƙasa. Shekaru da yawa ban ji wannan magana ba, kuma ban so na ji ta ba. Haka ubansa ya taɓa faɗa min, kusan kalma da kalma, a wata damina irin wannan, lokacin shi Sani yana goye a bayana.

A waccan shekarar ruwa ya yi jinkiri. Aka shuka masara ta fito ta ƙone, aka sake shukawa. Rana ta riƙa dukan kwanon ɗakinmu har mutum ba ya iya zama a ciki bayan azahar. Da ruwan ya tashi zuwa kuma sai ya zo da fushi, ya ƙi tafiya. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Da safe koko ne tsararo, ba sukari. Da rana kowa ya yi ta kansa. Da yamma tuwon alabo, wato garin busasshen rogo, da miyar rama, in an samu daddawa a gode Allah, in ba a samu ba a sa gishiri a rufe ido. Itace jiƙaƙƙe, ashana jiƙaƙƙiya, sai in yi ta hura wuta hawaye na zuba, ba na kuka ba, na hayaƙi. Duk garin ido ya koma kan sabuwar doya.

Abin da muke ci da shi kuwa tsohuwar akori-kura ce ta maigidana, Malam Dauda, Allah Ya jiƙansa. An ce a da fara ce. Ni dai da launin laka na same ta. Da ita yake ɗauko doya da rogo daga gonakin Obi da Agyaragu zuwa kasuwa. Ba ta da kik, don haka kullum a gangaren ƙofar gida take kwana, hancinta na kallon ƙasa, an sa mata dutse a taya. Bayan sallar asuba zai buɗe bonet, ya duba ruwan lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya goge da tsohon zanena, ya ƙura mata ido kamar mai duba jariri. Sannan maƙwabta su fito, maza da mata, mu tura. In ta tashi sai ya ɗaga mana hannu ta taga, ko waiwaye babu. Nakan ce masa ita yake fara gaisarwa kafin ni, shi kuma ya ce ai ita ba ta mayar da magana.

Akwai yadda ake harkar sabuwar doya a wancan lokaci. Sabuwar doya ruwa ce zalla, fatarta kamar ta jinjiri, in an tono ta ba ta jira. Saboda haka manomi ba ya sa fartanya a kunya sai direba ya je har gona ya ce masa, "A tona." Wannan kalma ita ce komai. Ba waya, ba saƙo. Direba ya faɗa ya tafi, manomi ya tara mutane ya tone gonarsa kaf, ya zauna jiran ƙarar mota. Kuma kafin manomi ya yarda da kalmar direba, sai ya zo ya sa kunne kusa da bonet ya saurari inji. In inji na hayaƙi ko yana shaƙewa, sai ka ji ana, "To, za mu duba," shi ke nan an sallame ka. Duk ƙauyukan nan ba wanda ya taɓa durƙusawa ya saurari abin da ke ƙarƙashin mota.

A farkon daminar motar ta kwanta da ciwo biyu. Inji na shan mai yana hayaƙi, giyabos kuma, wato akwatin giya, yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Bakanike ya ce dukansu suna son aiki, abin hannunmu kuwa ɗaya kawai zai iya. Baban Sani bai yi dogon tunani ba ya ce a yi inji. Ba zan ce wauta ya yi ba, don inji manoma ke saurara, kuma da kunnensu muke ci. Aka sa sabon ringi, aka wanke kafireto, aka canja fulogi. Shi kuma giyabos aka ɗura masa mai mai kauri, irin wanda ke toshe bakin kuka. Ranar da motar ta dawo gida har maƙwabta suka fito. Injin nan yana tafiya sumul, ba hayaƙi, ba gargada. Maigida ya dube ni yana murmushi ya ce, "Kin ji ko? Inji lafiya lau. Giyabos ne kawai, shi ma a hankali."

Kukan ya tafi, amma ciwon yana nan. Da zarar mota ta kama hawa da kaya, sandar giya sai ta yi tsalle ta koma firi, inji ya yi ta ihu a banza, mota ta fara komawa da baya. Ya gwada ɗaure sandar da robar tsohon tif, sai ya zama in yana son canjawa ba hali. Dole sai an sami mai zama a gefe ya danne ta da hannu. Karen motarsa ya riga ya gudu ya koma acaɓa. Wata safiya na ga yana ta zagaye motar yana sosa ƙeya, sai na kwance Sani na miƙa wa kakarsa, na ɗaura ɗankwali na shiga gaba na zauna.

Ya ce, "Me ke nan?"

Na ce, "Hannun da ke tuƙa tuwon alabo ba zai gaza riƙe wannan ɗan ƙarfen ba. Mu je."

Haka na zama mai riƙon giya. Aikin ba wuya a baki. In ya ce "riƙe" in danne sandar da hannun hagu, in ya ce "saki" in saki ya canja. Amma sandar nan tana da rai. Tana zafi, tana karkarwa, tana turo hannunka kamar akuyar da ake son ɗaurewa. Kafin mu kai Obi kafaɗata ta sage. A hankali na san halinta. Tun kafin ta yi tsalle nakan ji wani ɗan zillo a tafin hannuna, sai in ƙara nauyi. Matan kasuwa suka riƙa yi min tsiya wai ga direba ga mataimakiya. Ban kula su ba, tun da da yamma akwai abin ɗorawa a wuta.

A bayan Obi, in ka bar babbar hanya ka gangara ka haye wani rafi, akwai gonar wata mata Tibi da muke kira Maman Terna. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ƙanana, ita kaɗai take tada kunyar doya kamar namiji. Gonar ba tata ba ce. Aro aka ba mijinta, da sharaɗin duk shekara in sabuwar doya ta fito za a kai wa mai ƙasa rabonsa. Tun da mijin ya mutu mai ƙasar ke neman dalilin karɓe gonar ya ba wani, ita ma ta sani. Doyar bana ita ce abincin 'ya'yanta, ita ce kuma zamanta a wurin. Matar nan ta taimake mu a yunwar shekarar. Duk sanda muka bi ta wajenta sai ta tura min wani abu ta taga, ko dafaffiyar gyaɗa ko rogo, ta ce, "Ba yaro." Hausarta a karye take, ni kuma ban iya Tibi ba, amma ba mu taɓa rasa abin hira ba.

Ranar da muka je duba doyarta, ta zo ta kara kunne a bonet kamar yadda kowa ke yi. Ta daɗe tana saurare, sannan ta miƙe tana dariya.

Ta ce, "Oga Dauda, wannan inji ya yi kyau. Ya fi na kowa."

Ya ce, "A tona, Maman Terna. Jibi muna nan da yardar Allah."

Ina zaune a gaba, hannuna a kan sandar, ina ji. Ta ga hannun kuwa, ta sha ganinsa, amma a wajenta wannan wani abin dariya ne tsakanin miji da mata, ba abin tsoro ba. Mu ma haka muka ɗauke shi, tun da kullum muna hawa muna sauka.

Ranar alkawari muka tashi cikin yayyafi. Hanyar gona ta yi santsi, motar na ta rawa da gindi. Rafin da muka saba hayewa a idon sawu ya kai gwiwa, ruwan ja wur. Muka haye. A gona muka tarar matan cocinsu sun yi mata gayya, sun tone komai. Doya ce tuli guda, manya-manya, farare, ƙasa na manne a jikinsu. Ban taɓa ganin doya mai kyan wannan ba, ko kuwa yunwa ce ta sa na gan ta haka. An gasa wata a gefe, aka ɓare mana da manja da barkono. Har yau in na rufe ido ina jin zafinta a harshena.

Baban Sani ya dubi tulin ya ce sawu biyu za a yi. Maman Terna ta nuna masa gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen doya.

Ta ce, "Oga Dauda, abeg. In wannan ruwa ya sauka, rafi zai cika. Ba zai sauka yau ba, ba zai sauka gobe ba. Wanda ka bari zai ruɓe. Ɗauka duka."

Ya ce, "Kayan ya yi yawa."

Ta ce, "Inji naka zai ja. Ni ya ji shi da kunne na."

Gaskiyarta ce a kan rafin, shi ma ya san haka. Ya dube ni, na dube shi. Ba wanda ya ce a'a. Aka yi layi ana miƙa doya hannu da hannu, ana jerawa kai da gindi, ana sa ciyawa a tsakani, har bayan motar ya zauna, tayoyi suka kusa taɓa bodi. Aka tura ta daga tudun gona ta tashi. Maman Terna da matan suka biyo mu a ƙafa, domin su tura in an zo hawa.

Muka gangara rafin a giya lamba ɗaya. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa min ƙafa. Muka fita daga ruwan muka kama hawan ɗaya gefen, jan yumɓu ne mai santsi, ga tsayi. Ya ce, "Riƙe." Na sa hannu biyu, na hagu a ƙasa na dama a kai, na kwanta a kan sandar da duk nauyina. Inji ya ɗauki murya. Motar na hawa a hankali, mata na turi a baya suna waƙa da yarensu. Sandar ta yi zafi kamar murfin tukunya, tana dukan tafin hannuna, ina jin zillon nan yana zuwa yana komawa. Mun wuce rabi. Ina hango ciyawar da ke saman tudun.

Sai na ji wata ƙara a ƙarƙashin ƙafata, kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Sandar ta daina karkarwa. Tana nan inda na danne ta, ba ta motsa ba, amma ta mutu a hannuna. Motar ta tsaya, sannan ta fara sulalewa da baya. Ya taka birki, tayoyi suka kame amma yumɓun bai riƙe su ba. Na ji matan suna watsewa. Muka koma cikin rafin da gindi, motar ta karkace, bayanta ya nutse, doya ta fara gangarowa cikin ruwa.

Injin kuwa bai mutu ba. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai har yau. Muna zaune a karkace cikin ruwa, doyar marayu na bin rafi, shi yana ta aikinsa sumul, ba tari ba hayaƙi. Baban Sani bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba.

Na ce, "Ban saki ba."

Ya ce, "Ban ce kin saki ba."

Ya kashe motar ya fita. A lokacin ruwan sama ya sauko.

Muka shiga rafin mu duka, ruwa har ƙugu, muna kwashe abin da za mu iya. Sabuwar doya ba ta son a jefa ta, amma ba lokacin lallashi. Wata ta karye, wata ta ƙuje, wata ta kuɓuce ta tafi. Muka tara abin da ya tsira a saman tudu muka rufe da ganye. Maman Terna ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Tana ɗauka tana hawa tana saukowa, zanenta ya manne a jikinta, leɓenta na rawa don sanyi. Da ta yi masifa da ya fi min sauƙi.

Ruwan nan ya ƙi ɗaukewa. Baban Sani ya taka har Obi ya roƙi direbobi, kowa ya ce ba zai sa motarsa a wannan hanya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Matan suka riƙa ɗaukar doyar a ka zuwa bakin titi, amma nawa kai zai ɗauka a cikin taɓo? Kafin a kwashe rabi, tulin ya fara zafi daga ciki. In ka ɗaga doya sai yatsanka ya nutse. Warin ruɓaɓɓiyar doya daban ne, mai zaƙi-zaƙi ne, yana kama maƙogwaro. Ta yanka wasu don ta shanya, ba rana, suka yi funfuna. Wadda ta isa kasuwa kuma masu saye suka ga tabo a jikinta suka yi mata tayin wulaƙanci. Rabon mai ƙasa bai fita ba.

Sai da rafin ya janye aka samu tarakta ta jawo motar. A gida muka koma tuwon alabo, wani lokacin ma sau ɗaya. Tafin hannuna na hagu ya tashi ya fashe, ko muciya ba na iya riƙewa. Magana ta yi ƙaranci tsakanina da maigida. Bai zarge ni ba, amma bai wanke ni ba, kuma a unguwa har an fara cewa ai abin da ke faruwa ke nan in an ba mace aikin karen mota. Ya samo aron kik aka ɗaura, kowace safiya yakan sa a haɗa masa waya a tada injin a tsaye don kada ya kwanta. Ina daga madafa ina jin sa yana ta kyakkyawar ƙararsa a ƙofar gida, kamar in fita in watsa masa ruwan zafi.

Wata ranar kasuwa sai ga Maman Terna a gidanmu, da ƙunshin kaya a ka da 'ya'yanta a baya. An karɓe gonar. Za ta koma wajen danginta a ƙetaren Binuwai. Na rasa inda zan sa idona. Ta ajiye kayan, ta kamo hannuna na hagu ta buɗe, ta daɗe tana kallon inda fatar ta saɓule.

Ta ce, "Maman Sani, ni yana bayan mota, ni ya gani ta gilashi. Ke bai sake ba." Ta juya wajen maigida. "Oga Dauda, ni ne ya sa kunne. Ni ne ya ce ɗauka duka. Kar ka sa a kan matar ka."

Ba abin da muke da shi da za mu ba ta sai ɗan alabo a ƙullin leda. Ta karɓa don kada mu ji kunya. Na raka ta har tasha. Ban sake ganinta ba, ban kuma san ko ta sake samun gona ba.

Daga baya aka kwance giyabos. Baban Sani ya dawo daga gareji ya ce an sami haƙoran giya a kwance a cikin man nan mai kauri, sun kakkarye kamar tsakin masara. Ya ce, "Ashe daga ciki ne." Ashe. Wato sai da ƙarfe ya ba da shaida sannan ya yarda da ni. Mun yi shekaru masu daɗi bayan haka, mutumin kirki ne, amma na daɗe ban yafe masa wannan ba, kuma na gaya masa.

Duk wannan ya dawo min ina kallon Sani yana matse rigarsa a baranda. Yanzu an yi gada a wurare da yawa, kowane manomi da wayarsa a aljihu, ba mai kara kunne a bonet. Motarsa ma ba turi, ba dutse a taya. Amma doya ba ta canja ba, marka ma haka.

Na ce, "Akwai wanda ka ce wa ya tona?"

Ya ce, "Wani dattijo ne a bayan Agyaragu. Amma ba matsala, Mama, bakanike ya ce gobe zai gama. Wani ɗan abu ne kawai za a canja."

Na ce, "Kira shi yanzu ka ce ya dakata."

"Haba Mama, gobe fa..."

"Sani, kira shi ina ji."

Ya ga fuskata ya ciro waya. Ya koma bakin baranda inda ya fi samun sabis, ya toshe kunne ɗaya saboda ƙarar ruwa a kan kwano. Na ji ya gaisa, na ji ya yi bayani, sannan ya tsaya yana saurare. Da ya juyo bai dube ni sosai ba.

Ya ce, "Wai tun safe suka fara. Sun kusa gamawa."

Na ce ya tafi tasha yanzu, ba gobe ba, ya nemi wata mota ko ta wane ne, ko me za a ce masa. Ya ɗauki lema ya fita cikin ruwan. Ina zaune ina kallon ƙofar da ya bari a buɗe, sai na ji hannuna na hagu yana ciwo. Na duba, ashe tun ɗazu na dunƙule shi a kan gwiwata, ina ta dannawa.